Rediyon da na ba Malam

Garwa, daren Talata, sha biyu ga azumi.

Yau an karɓe makullin keken batir daga hannun Malam, maigidana, a otel ɗin da yake aiki. Shekara huɗu ke nan yana jigilar kayan baƙi da shi daga ƙofa zuwa ɗakuna, tun da bayansa ya soma ciwo.

Ni na jawo. Na ga aiki yana hana shi zuwa tafsiri, sai na ba shi ɗan rediyona ya riƙa saurara a kan keken. Duwatsun rediyo, wato ƙananan batiransa, ba sa jimawa, shi ne ya ja waya daga inda ya ɗaura wa keken fitila. Batir shida ne ƙarƙashin kujera, amma fitila da rediyo duk guda ɗaya suke sha. Ashe haka ke kashe batirin. Da la'asar keken ya tsaya cik a tsakiyar fili, da akwatunan wani Bature a kai.

Ya ce shef, wato shugabansu a wurin aiki, bai ko ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙa: "Makulli, Baba."

Da aka sha ruwa, kunu kaɗai ya kurɓa. Na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya ce, "Ke kika ɗaura wayar? Ci abincinki."

Abin da ke ci mini rai, ban taɓa tambayarsa ko ya nemi izini ba. Wutar ba tamu ba ce, kuma na sani.

Gobe a ka zai ɗauki akwatuna, ga azumi a baki. Na naɗa masa gammo da tsohon zanena, na ƙara masa kauri.