Ƙusoshin da Na Kwashe

Zuwa ga Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya mutanen Kangire? Ni lafiya lau, barci ne kawai yake ɗan yi mini wuya.

Kin san a nan Kanada tafki daskarewa yake, mutane su hau ƙanƙarar su huda ta, su sa fatsa. Shagonmu kayan kamun kifi yake sayarwa. Makon jiya manaja ya ce sanyi ya kusa wucewa, in kwashe kayan ƙanƙara in jera na kwale-kwale. Na kwashe har da ƙusoshin da ake ratayawa a wuya, waɗanda in ƙanƙara ta burma da mutum yake cakawa a ƙanƙarar ya jawo jikinsa ya fito.

Wani tsoho da kullum yake tambayata mutanen gida ya zo neman ƙusoshin. Na ce bari in ɗauko a sito, manaja ya harare ni, na tsaya. Tsohon ya yi dariya ya ce to, sai baɗi.

Shekaranjiya aka ciro gawarsa daga tafkin.

Ki ce Inna ta sa ni a addu'a. Yau manajan ya ce in mayar da ƙusoshin kan kanta, wai yanzu ana ta nemansu. Na mayar, Yaya.

Ƙaninki,
Kamaluddeen