Ƙwayoyin Cikin Ƙwaryar Hassana

Limawa, Dutse
9 ga Maris, 1998

Zuwa ga ɗana Musaddiq,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu yana tafiya. Allah ya kare ka a ƙasar mutane. Mu nan ƙalau muke, kuma Hindatu, matar yayanka Isah, ta sauka, an samu mace.

Takardarka ta iso, na tara gida na karanta. Ka ce ƙwayoyin halittar da kake bincike, waɗanda ido ba ya gani, suna magana da juna: su ƙulle saƙo a 'yar jaka su aika, kuma ba sa fara aiki sai sun ji sun yi yawa. Ban yi mamaki ba. Shekara ashirin ina dillancin shanu a kasuwar Jahun, haka muke yi, hannu cikin riga. Kai ne ka hau jirgi kafin ka gano.

Amma innarka Hassana ta ji har a nono akwai su, sai ta ce ba za a yi gulma a ƙwaryarta ba. Ta wanke ƙoren da sabulu da tafasasshen ruwa, ta zubar da irin, wato ragowar nonon jiya da ake ɗigawa a sabuwar madara. Saura kwana uku suna, ga shi ta yi wa dangi alkawarin kindirmo. Madara ta ƙi kamawa, tsululu, tamkar kasuwar da dillalai suka ƙaurace wa.

Asalin irin daga Goggo Kubura ta Kiyawa ya fito, kuma ka san bakinta. Hassana ta ce gara ta sha kunya da ta je roƙo. Sai na hau babur. Na shaida wa Goggo cewa jikanta na Turai ya aiko da labarin cewa nono ma yana da dangi, kuma namu sun yi kewar na gidanta. Ta ce ƙaryar dillali ce, amma ta cika mini ludayi biyu. Da tsohuwar zuma ake magani. Ranar suna cokali tsayawa yake a kindirmon.

Ka dage, in ka iya cusa musu saƙo a jakar, ka ce su yafe wa Hassana. Ita kuwa ta kafa doka: takardarka ta gaba a zaure za a karanta, nesa da ƙwarya, kada su ji.

Isah da Hindatu mai jego suna gaishe ka, Goggo ta sa maka albarka.

Baffanka,
Bubayero