Jan Waken Inna Ba Zai Hau Jirgi Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Madarumfa lafiya lau muke, tabki ya cika, masunta sai fara'a.

Inna, tafiya ce ta kama ni. Zan je wata ƙasa da ake kira Burundi, aikin sa-kai na shekara biyu, in taya matan ƙauye adana irin shuka. Da na gaya wa Kawu Sani, sai da ya yi dariya har ya ƙware, wai ashe akwai waɗanda suka fi mu rashi har mu ne masu kai gudummawa. Ni ma abin da nake son gani ke nan da idona.

An ce ƙasar duk tsaunuka ce, ruwan sama ba ya wuya, kuma wake ne tuwonsu. Har da ɗanyar ayaba suke dafa shi. Ta yaya ayaba ke zama abinci, Inna? An ce suna da tabkin da ba a hango gaɓarsa. Ina ta tunanin ko kifinsu ya kai namu daɗi, ko su ma ƙwaro na cinye musu wake a rumbu, ko me tsofaffinsu ke yi masa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: tulunki na jan wake. Kin tuna yadda kike tankaɗe tokar murhu, ki gauraya da irin, ki liƙe bakin tulun da laka, ki ce, "Kowa ya taɓa mani shi kahin ruwan hwari, ni da shi." Tun rasuwarki ni ke shuka shi duk damina a bayan gida. Na so in ƙulla kaɗan a baliz, akwatin tafiyata, sai masu shirya tafiyar suka ce haramun, 'yan duwan, wato kwastan, ba sa barin iri ya ƙetare iyaka. Ga shi yaya Ila ya koma noman albasa, ba ruwansa da wake. In irin ya kwana damina biyu a tulu, ban san ko zai tsiro ba. Na ji tsoro ƙwarai, Inna. Gani nake in ya mutu, kamar na sake rasa ki ne.

Sai na ɗauki tulun a kabu-kabu, na rungume shi kamar jariri, na nufi Gabi wurin ƙanwar babanmu, Gwaggo Ai. Na shirya roƙo mai tsawo a bakina. Ban kai rabi ba ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya cike da jan wake, toka duk a jikinsa. Naki ne sak, har ɗan farin idon nan.

Ashe duk yarinyar da aka kai ɗakin miji daga gidanmu, sai kin ƙulla mata waken cikin tafin hannu ɗaya a bakin zane. Gwaggo ta lissafo mini gidaje a Gabi, da garin Sarkin Yamma, har da tsallaken iyaka. Ni ban yi aure ba, shi ya sa ban taɓa sani ba. Na zauna ina kuka ina dariya, ita kuwa tana ce mini sakarya mai takardar lakwal, wato boko.

Na bar mata rabin na tulun duk da haka. Ragowar na jiƙa, na kai markaɗe, na soya ƙosai ranar Juma'a na raba sadaka da sunanki. Tulun na wanke na kife a ɗakinki. Ban taɓa ganinsa ba komai a ciki ba, amma raina bai ɓaci ba.

Zan tafi hannu rabbana, sai abin da kika koya mini. Toka dai na san zan tarar a can. In wata tsohuwa ta nuna mini dabarar da ta fi tamu, zan zauna in koya, in dawo in gaya wa Gwaggo. Ta ce ranar da na dawo in zo da ƙwaryata, za ta ƙulla mini nawa tafin, ko da aure ko babu.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya kai miki ladan duk bakin da ya ci wannan wake. Ni kuma Ya kai ni lafiya, Ya dawo da ni in shuka.

Taki har kullum,
Rakiya