Rigunan Ƙwallonku Sun Sa Ni Mura

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya sanyin ƙasar Ayalan, ya iyali? Mu nan Jidda lafiya lau.

Rigunan da ka ce in sayo wa ƙungiyar ƙwallonku sun rikita ni. Wani mai shago a unguwar Bagdadiyya ya ce, "Wallahi ya Haj, yadina iska ratsa shi take!" Na unguwar Madain Fahd ma haka ya ce. Ku da ke wasa cikin ruwan sama, ina ku ina iska?

Don in gwada su a irin yanayinku, na jiƙa rigar kowane shago, na sa, na tsaya gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busa sanyi. Mura na samu, zaɓi ya gagara.

Ka gaida yara, a sa ni a addu'a. Wai babu tela ne a ƙasar taku?

Yayanka,
Bashir