Hoton da Ban Miƙa Maka Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi mai gyaran wuta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, na zaɓi in rubuta maka wannan wasiƙa a shafina inda kowa zai gani. Na san halina. Idan na rubuta ta a takarda, aljihun tebur za ta ƙare, don ɓoye abu ya zame mini jiki.

Shekara shida ke nan da rasuwarka, Baba, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakinka ba. "Wannan yaron" nake, in kuma ka ji daɗi sosai, "yaron nan". Na san kunyar ɗan fari ce. Inna ta faɗa mini tun ina firamare, ni ma na sha yi wa abokan aikina bayaninta ina dariya, suna cewa al'ada ce mai ban sha'awa. Sanin dalilin bai taɓa rage mini ciwon ba. Autanka Jamilu kuwa, har waƙa kake rerawa da sunansa kana ɗaure takalmi.

Shekara talatin ka yi kana hawa falwaya a Zariya, har ranar da ka faɗo ka samu ɗingishin da ka tafi da shi kabari. Maganarka ɗaya ce tun daga nan: "Ba ɗana da zai hau itacen wuta ina raye." Ni na ɗauki maganar da zafinta. Na yi karatu kamar zan haukace, na zama injiniya, na samu ofis a Washington inda nake zana layukan wuta a kwamfuta. Ko tsani ban taɓa hawa ba da sunan aiki. Na ɗauka wata rana za ka lura.

Jamilu ya biyo ni karatu, ya zauna a wurinmu a Lanham, kusa da Washington. Shekara biyu ya yi a jami'a ya ce kansa ba ya ɗauka. A lokacin ne ni da matata Hajara muka koma can kudu, gaba da Fort Washington, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. A wannan yankin wutar ba ta wani attajiri ba ce, ta ƙungiyar haɗin gwiwa ce. Duk wanda sunansa ke kan mita mamba ne, yana da ƙuri'a, kuma kowane wata ana jefa masa mujallar ƙungiyar a akwatin wasiƙa. A cikin mujallar Jamilu ya ga ana neman masu koyon aikin layi. Ya nema, aka ɗauke shi.

Kai aka gaya maka yana aiki a kamfanin wuta, ka ɗauka a ofis ne, ba wanda ya gyara maka. Shekara huɗu ina riƙe da sirrin nan. Ba don ƙauna na riƙe shi ba, gara in faɗa. Ajiye shi na yi kamar mai ɓoye tsokar nama a ƙasan tuwo, ina jiran ranar ci.

Ranar ta zo da ka zo Amurka aikin ido. Jamilu ya same ni a bakin gareji yana wasa da mukullin mota, ya ce bakinsa ba zai iya faɗa maka ba, in taimaka in kawo ka taron shekara-shekara na mambobi, ka gani da idonka. Saurin da na yi wajen amsawa ya sa Hajara ta ɗago kai ta dube ni. Matar nan ta san ni.

Ka tuna ranar? Asabar ce, ana zafi, a filin da manoma ke baje kolin amfanin gona. Ka sa farar babbar rigarka duk da na ce ba taron ɗaurin aure ba ne. A bakin ƙofa wasu tsofaffin mata ke rajista, suna ba kowane mamba bokitin roba da ƙwan fitila a ciki da takardar jefa ƙuri'a. Na miƙa katina ina ɗan ɗaga kafaɗa, don ni ne mamba, sunana ne a kan mita. Tsohuwar ta karanta sunan gidanmu, ta cire tabarau, ta tambaye ni ko ni ne yayan Jamilu. Wai shi ya maido mata da wuta bayan guguwa, lokacin da mijinta ke kwance da injin numfashi. Har zagayowa ta yi ta riƙe hannuna. Da digirina biyu, a garin da na riga shi zuwa, na zama yayan Jamilu.

Kai ko a jikinka. Ka ƙi taɓa kazarsu don ba ka san yankan waye ba, ka zauna da masara da kankana kana kaɗa ƙafa ga kiɗan wasu dattawa masu jita. Da aka zo zaɓen shugabanni ka ga manoma na miƙewa suna yi wa manaja tambayoyi ido da ido, ka ce da a gida ne da tuni an kira 'yan sanda. Na yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, saboda na san abin da ke tafe.

Bayan azahar aka tara mutane a gefen fili, inda aka kafa dogon itace, aka rataye mutum-mutumi a samansa kamar ma'aikacin da wuta ta ja. Ma'aikatan layi za su nuna yadda ake hawa a sauko da shi. Na uku aka kira sunan Jamilu a lasifika. Ya fito da hular kwano, da bel mai nauyi a ƙugu, da ƙarafa masu tsini ɗaure a ƙafafunsa.

Kowa itacen yake kallo. Ni fuskarka nake kallo.

Har na shirya kalaman lallashi, Baba. Na tsara yadda zan riƙe hannunka in ce ka yi haƙuri, yaro ne, zan yi masa magana. Na tsara yadda za ka juyo ka dube ni, ka gane a ƙarshe wane ɗa ne ya ji maganarka.

Sai ka miƙe. Ka bar sandarka a kan kujera, ka ɗingisa har bakin igiyar da aka kewaye wurin da ita. Na ɗauka tsawa za ka daka masa ya sauko. Tsawar ka daka kuwa, da Hausa, a gaban Turawa: "Jingina da bel ɗin! Kada ka rungumi itacen!" Yana hawa kana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, kamar kai ne a sama. Da ya sauko da mutum-mutumin aka ɗauki tafi, kai ko tafin ba ka yi ba. Ka bi ta ƙarƙashin igiyar ka kama bel ɗinsa kana jijjigawa, ka duba ɗaurin, ka sa hannunka cikin safar robarsa kana jinjina kai.

Turancinka bai fi cikin cokali ba, don haka aka nemi tafinta. Wa za a kira in ba ni ba? Wani tsohon ma'aikacin layi ya zo, kuka jera hannuwa kuna nuna wa juna tabo. Ka ce in gaya masa Jamilu a jini ya ɗauko, na gaya masa. Ka ce in gaya masa ko kai a ƙuruciyarka ba ka kafa ƙafa da kyau haka ba, na gaya masa. Duk kalmar da na yi shekara arba'in ina jiran ta, ranar ta bi ta bakina ta wuce zuwa kan wani. Da tsohon ya nuna ni ya tambaya, ka ce, "Wannan shi ya kawo mu." Ita ma na fassara ta, ban ƙara ko wasali ba.

Wata mai ɗaukar hoto ta mujallar ta roƙi ku tsaya. Ka cire hularka ka miƙo mini ba tare da ka waiwayo ba, aka ɗora maka hular kwano a kan babbar riga, ka dafa kafaɗar Jamilu. Ni ina gefe, hula a hannu ɗaya, bokiti a ɗayan.

A mota na kasa haƙuri, na tuna maka rantsuwarka. Ka ce, "Na faɗa. Amma ka ga yadda yake kafa ƙafa?" Har muka isa gida idona na kan titi, kai kuma ba ka lura da fushina ba, kana ta ƙirga falwayoyin gefen hanya kana tambayar wanne ya taɓa hawa.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Bayan ka koma Zariya da wata biyu mujallar ta fito, hotonku a bango. Jamilu bai samu hutu ba, ni kuma zan je gida Babbar Sallah, sai ya kawo mini tasa a cikin leda biyu, ya ce in miƙa maka hannu da hannu. Na ce ba komai. Wallahi da niyyar ba ka na sa ta a akwati.

Ni ma na zo da nawa, takardar yabo da aka ba ni a wurin aiki, na sa ta a gilashi. Na ce bari in fara da ita, ko sau ɗaya in riga shi. Ka karɓa, ka ce "Madalla," ka miƙa wa Inna ta ɗora a kan kabad. Kafin ta sauke hannunta ka tambaya, "Hoton nan bai fito ba?" Na ji bakina ya ce bai fito ba tukuna.

Na ce gobe zan gyara. Gobe ta yi, na ji ka a kan benci a ƙofar gida kana ba abokanka labarin itacen da hular kwanon. Alhaji Garba mai kanti yana tsokanarka, wai tun da ka dawo ake jin labarin hoto ba a ga hoto ba, ko dai aikin idon ne ya sa kake ganin abin da babu. Aka yi dariya, kai ma ka yi, amma na ga yadda ka sunkuya kana gyara takalmin da bai kwance ba. Taku goma ne tsakanina da akwatin. Ban tashi ba.

Sau uku ka tambaye ni a mako biyun nan. Na uku a bakin mota ne zan tafi, ka ce idan mujallar ta fito in aiko ko ta hannun wani. Na dawo da ita Amurka a cikin ledarta. Wata uku bayan haka aka kira ni da rana tsaka ina ofis, aka ce ka cika.

Jamilu ne ya ɗauko ni a filin jirgi lokacin da na dawo daga Sallar. Tun kafin in sa bel ya tambaya me ka ce. Na ce ka daɗe kana kallo, ka kira maƙwabta, ka ce a ajiye maka ita kusa da shimfiɗarka. Ya ci gaba da tuƙi yana murmushi. Na yi masa ƙaryar da ta fi kowace kyauta da na taɓa ba shi, kuma ko ita na ji kishin ba shi.

Makon jiya aka sake taron shekara. Jamilu yanzu shi ke jagorantar ayarin ma'aikata, aka ba shi lasifika ya yi wa sababbin shiga magana. Ya ba su labarin mahaifinsa da ya faɗo daga falwaya a wata ƙasa mai nisa, ya ce abin da ke riƙe shi a saman itace duk ranar da iska ta yi ƙarfi shi ne sanin cewa tsohon ya rasu da hotonsu kusa da kansa. Mata na share hawaye. Ni ma na tafa. Hajara ta riƙe hannuna ta tsayar da tafin, don ita ta ga mujallar a ƙasan akwati tun shekarar farko.

Baba, ba zan ce maka na warke ba. Ko yanzu da nake rubutun nan, idan na tuna hannunka a kafaɗarsa sai abin ya dawo mini sabo, ga furfura a gemuna. Ina sonka, ina son Jamilu, kuma ina kishinsa. Na sha gaya wa kaina wataƙila kana yabona a bayan idona, amma ban taɓa samun wanda ya ji ba, kuma na daina tambaya.

Abin da na gane a makare shi ne kai ma ɗan wani ne mai jiran a ce ya iya. Shekara talatin kana hawa, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonka. Sau ɗaya aka yi, kana tsufa, a ƙasar da ba ka jin harshenta, kuma abin da kake so bai wuce ka nuna wa tsofaffi huɗu a kan benci ba. Ni da na fi kowa sanin zafin jira, ni na bar ka kana jira har ka tafi.

Ka yafe mini, Baba.

Kai ba za ka amsa ba, na sani. Jamilu kuwa yana duba shafina kowace safiya kafin ya fita aiki, kuma ba na so ya karanta wannan sannan ya hau itace. Don haka ina gamawa zan tafi gidansa in faɗa masa da bakina, kafin in saki wasiƙar. Ban san ko zai sake kira na Yaya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Allah Ya tsare Jamilu a sama da ƙasa, Ya sauko da shi lafiya kowace rana. Ni kuma Allah Ya wanke mini zuciya, ko da ba zan taɓa jin abin da na so ji ba. Amin.

Ɗanka na fari,
Bashir