Muryar Hawa na Huɗu

Zuwa ga Malam Mai Sauti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ba ka san ni ba, amma ka san mahaifina, Mai Agogo, tsohon da ya yi muryar aljani a shirinku na Hawa na Huɗu. Ni ce 'yarsa ta fari. Allah ya yi masa rasuwa wata biyu da suka wuce.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushin tasharku. Kashi goma sha uku aka ce, kuka tsaya a na shida, wai iyaye sun yi ƙorafi yara sun daina hawa bene su kaɗai. To shirin tsoro me aka so ya yi, ya sa su rawa? Mutum ya shekara arba'in a kan benci yana gyaran agogo, sai da ya tsufa aka gano yana da murya, sannan kuka tsinke masa abin. Tun ranar ya rage magana har ya bar duniya. Ni dai na ce baƙin ciki ne ya ƙarasa shi.

Ga abin da ya kawo ni. Mama ta ce ta fara manta muryarsa, kuma abin yana sa ta kuka. Na kunna mata shirin a waya, ta ture ta ce, "Wannan gurnanin ba mijina ba ne." Gaskiyarta, kun ja muryar kun kumbura ta kamar daga cikin randa take fitowa. Ba mu da komai nasa, Baba ba mai aika saƙon murya ba ne. In kana da asalin abin da ya faɗa kafin ku taɓa shi, ko na minti ɗaya ne, ka taimake mu.

Na gode, ka huta lafiya.
'Yar Mai Agogo

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni, kuma ta girgiza ni, domin ban ji rasuwar ba. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Mahaifinki mutumin kirki ne. Ranar da ya fara zuwa, ya ƙi karanta ko layi ɗaya sai da ya sauke agogon bangon ɗakin ɗaukar sauti ya gyara, wai ba ya aiki a gaban agogo mai ƙarya. Da ya buɗe baki ya ce, "Hau mana, saura hawa ɗaya," har ni da ke riƙe da na'ura sai da tsigar jikina ta tashi.

Abin takaici, da aka dakatar da shirin, tasha ta goge ma'ajiyar sautinmu ta ba masu shirin girke-girke. Abin da aka watsa kaɗai ya rage. Shawarata, ku bar maganar haka, ku yi ta yi masa addu'a.

A gaishe da Mama.
Naki, Mai Sauti

*

Malam,

Ina gaisuwa, kuma na gode da ta'aziyya. Amma "ku bar maganar" ɗin nan bai kwanta mini ba.

Na lallaɓa Mama ta saurari duka shidan, idonta a rufe. A na ɗaya zuwa na uku ta ce yana ciki, can ƙarƙashin gurnanin, domin yakan haɗiye yawu kafin ya ce "hau". Muna shiga na huɗu ta buɗe ido ta ce, "Wannan wani ne." Na ce Mama na'ura ce. Ta ce, "Shekara talatin da takwas ina jin numfashin mutumin nan, ke za ki gaya mini na'ura?"

A kantin magani nake aiki, Malam. Na saba da mai zuwa ya yi ta kewaye-kewaye ya ƙi faɗin inda ke masa ciwo. Takardarka haka take. Wane ne ya yi na huɗu zuwa na shida? Baba kuwa kowace Talata yana sa farar rigarsa ya ce ya tafi tasha. Ina yake zuwa ke nan?

Ina jiran amsarka.
'Yar Mai Agogo

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. Na yi sati ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Mama ba ta yi kuskure ba. Ni ne.

Tasha yake zuwa, ba wani wuri ba. Amma ranar da za mu ɗauki na huɗu, muryarsa ta ƙi fita. Ya gwada, ya sha ruwan ɗumi, ya sake gwadawa, sai iska kawai. Da sauran suka fita ya rufe ƙofa ya gaya mini ya riga ya ga likita, abu ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Ya ce kada in faɗa wa kowa. Ya ce Mama ta taɓa jinyar uwarta shekara biyu har ta rame, ba zai ɗora mata wata ba sai ya zama dole. Ke kuma ya ce kina ganin takardar likitan za ki gane komai.

Daga nan shi yake zama kusa da ni yana nuna mini da hannu inda zan ja, inda zan tsaya, ni ina faɗa, sannan in rufe da na'ura. Ranar da aka dakatar da shirin duk muka yi jugum, ni har da hawaye, domin mun san abin da muka tanada a gaba. Shi kaɗai ya matse hannuna ya raɗa mini, "Allah ya rufa mini asiri."

Ban yi miki ƙarya ba a kan gogewar. Sai dai akwai guda da na kwafe a wayata, gwajin ranar nan, daƙiƙa arba'in, ba a taɓa shi ba. Yana ƙoƙarin layin, yana tari, sai ya yi dariya ya ce, "Yau aljanin ya yi mura." Muryarsa ce sak, amma ta mara lafiya ce, kuma a farkonsa ana jin ni ina faɗin rana da wata, kamar yadda muke yi. Na turo miki ta lambar da ke kan takardarki. Ki fara saurara ke kaɗai.

Ki yafe mini.
Mai Sauti

*

Malam,

Ina gaisuwa. Sautin ya iso.

Ban yanke farkon ba, na ga ɓoyon ya isa haka. Mama ta ji dariyar ta yi murmushi, ta ce, "Shi ne." Sannan ta ce in mayar inda kake faɗin wata. Watan uku. Mu sai a watan takwas ya gaya mana ciwon. Ta ƙirga da yatsunta, ta tashi ta shiga ɗaki.

A watan ukun nan ni na kawo masa maganin tari daga kantinmu, kwalba biyu. Na ce masa sanyin fanka ne.

Ka huta lafiya.
'Yar Mai Agogo