Sifilin da Yaya Ya Rubuta a Gaban Sunana

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin da zan faɗa miki ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama: yayana yana dukana. Ba irin ranƙwashin wa da ƙanwa ba. Da bel yake yi, in bel ya yi nisa ya fizgo wayar caja. Ran nan kuwa gwara kaina ya yi da ƙyauren banɗaki har leɓena ya fashe. Na ce wa Mama santsi ne ya kwashe ni. Ta ce ni kullum sai ka ce ƙafafun aro gare ni, ta gasa mini wurin da ruwan ɗumi, ta tafi aiki.

Bara na gama firamare. Ba ni da surutu, ko baƙi aka yi ɗaki nake shigewa, shi ya sa Yaya ya laƙaba mini Bebiya. Baba direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Mama tana masana'antar sabulu, ba ta dawowa sai yamma lis. Daga tashina makaranta zuwa dawowarta, gida na Yaya ne. Laifi kuma ba ya wuyar samu: gishiri ya yi yawa a abinci, na gifta gaban talabijin, ko dai na kalle shi.

A falonmu akwai tsohuwar kwamfutar tebur, mai fanka da ke gurnani in ta yi zafi. Yaya yana koyon rubuta manhaja a kwaleji, sai ya ƙirƙiri wasan faɗa ya sa a ciki. Akwai Zaki, akwai Guguwa, akwai wata 'yar ƙanƙanuwa da aka zana ba baki. Sunanta Bebiya. Ranar Asabar abokansa sukan cika falon, su ce a fara da ita a ɗumama hannu. A naushe ta jini ya fantsama, ta faɗi, ta miƙe, a sake. Ina kicin ina jin shewarsu, kuma ni ke kai musu ruwa.

In ya tafi ƙwallo nakan kunna, in zaɓi Bebiya. Na danna madannan nan har yatsuna suka yi kanta, ban taɓa rage wa Zaki ko ƙwayar jini ba. Na ɗauka ni ce ban iya ba, kamar yadda ban iya komai ba.

Sai na nema a intanet yadda ake ganin cikin wasa. Wani bidiyo ya ce fayil ɗin da ake kunnawa dunƙulallen yaren na'ura ne, amma akwai manhajar da ke warware shi ya koma rubutun da mutum zai karanta, wai ita dikomfaila. Kamar dai a farke ɗinkin riga a ga yadda aka yanka ta. Rubutun asali yana cikin filashin da Yaya ke ratayawa da makullinsa, to wannan ce kawai hanyata. Na sauke ta. Na danna ta ƙi buɗewa, ashe a ƙulle ta zo, sai an kwance. Da na kwance, kwamfutar ta yi ƙara ta fito da jan gargaɗi, na zare wayar wuta na gudu kicin. Washegari na dawo, na yarda mata, wani farin fili ya buɗe. Na ja fayil ɗin wasan na jefa a ciki.

Turancina kaɗan ne, amma da Hausa Yaya ya sa wa abubuwa suna. Zaki, ƙarfi ɗari. Guguwa, ƙarfi tamanin. Bebiya, ƙarfi sifili. A ƙasa kuma an rubuta cewa in jininta ya ƙare a sake cika shi. Ashe ba rashin iyawata ba ne, Anti. Zama ya yi ya gina ta don a doke ta, kada ta rama, kada kuma ta mutu ta huta. Na ji kamar in ɗaga kwamfutar in rotsa da ƙasa, in tattake gilashin da ƙafata.

Na kuma ga wani sashe da ban taɓa gani a wasan ba, sunansa mamaTaShigo. A ciki duka yana tsayawa, Zaki ya ɓoye hannu a baya. Na bi rubutun daga sama har ƙasa, babu inda aka kira sashen nan ya yi aiki. Yana nan kwance kawai.

Manhajar tana da wurin gyara lamba a adana. Na ajiye tsohon fayil ɗin a gefe, na goge sifilin na sa dubu. Na gwada. Naushi ɗaya Zaki ya tarwatse. Na maimaita, na maimaita, ina dariya hawaye na zuba, har na ji tsoron kaina.

Ga abin da na yanke. Na bar sabon fayil ɗin a wurin tsohon, ranar Asabar su kunna a gaban kowa. Na san zai gane ni ce. Na ɗauko gudumar Baba daga akwatin kayan aiki na tura ƙarƙashin katifata. Anti, ni muguwa ce?

'Yarki,
Bebiya

Amsa

'Yata, ba zan kira ki da wannan suna ba, don wadda ta rubuto wasiƙar nan tana da baki. Ke ba muguwa ba ce. Yarinya ce da aka daɗe ana duka, zuciyarta ta kawo wuya. Amma kafin ki ƙarasa karanta amsata, tashi ki mayar da gudumar nan akwatinta. A wasa wanda ya faɗi yana miƙewa. A falonku ba haka ba ne. Ko ya ƙwace ta ya juyo da ita kanki, ko ki same shi a inda ba a dawowa, kuma duka biyun Mama ce za ta dawo daga aiki ta tarar.

Na biyu, mayar da tsohon fayil ɗin kafin Asabar. Na san daɗin da naushin nan ya yi miki, ban kuma ga laifinki ba. Sai dai wanda ke fasa miki leɓe kan gishiri, me kike jin zai yi in abokansa suka yi masa dariya, suka watse, ya rage daga ke sai shi? Ban da haka, wasan aikin hannunsa ne. Leƙa ciki don ki gane abu ɗaya ne, sauya shi a ɓoye wani abu ne daban. Kuma jan gargaɗin nan ba ado ba ne, nan gaba kada ki sauke manhaja sai daga shafin masu ita.

Ba na cewa yayanki ya fi ƙarfin shiriya. Yaro ne da aka bar wa gida kafin a koya masa riƙo, yana kuma buƙatar wanda zai taka masa burki tun bai yi abin da zai bi shi har tsufa ba. Amma gyaransa ba aikinki ba ne, ba kuma da jikinki za a yi shi ba. Mama ma ba sakaci ne ya rufe mata ido ba. Gajiya ce, da santsin da kike ta ɗora wa laifi. Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Ki sami lokacin da Yaya ba ya gida, ki zaunar da Mama gaban kwamfutar. In magana ta maƙale, ba sai kin yi ba. Buɗe mata manhajar ta ga sunan da sifilin, sannan ki ɗaga riga ta ga bayanki. Ki roƙe ta kada a ƙara barin ku ku biyu: ki riƙa wucewa gidan wata 'yar'uwa ko maƙwabciya daga makaranta har ta taso, a kuma kira Baba a waya. In ta ce faɗan 'yan'uwa ne, kada ki koma shiru. Je wa malamar da kika yarda da ita, ko jami'an kare yara na yankinku, har sai wani babba ya tsaya miki.

Kin ce akwai sashen da Yaya ya rubuta, ba a taɓa kiransa ba. Da hannunsa ya shaida miki abin da ke tsayar da shi. Ya san shigowar Mama ce, shi ya sa ya bar sashen a kwance. Ke ce za ki kira ta.

Wannan kai naki da ya farke wasa shi kaɗai, ba malami, ki adana mini shi lafiya, akwai aiki a gabansa. Allah Ya tsare ki, Ya sanyaya miki zuciya, Ya shiryi yayanki.

Antinku